Gawo, Gawa, Gawayi

Yau da safe ina tsaye a layin mai, riƙe da babur ɗin da ba nawa ba, sai wani dattijo da ke bayana ya taɓa kafaɗata, ya yi sallama, ya tambaye ni cikin tausayi ko ni ma rushe ni za a yi. Na juyo ban gane ba. Ya nuna gadon bayana. Sai na tuna ashe garin sauri na zari rigar nan mai jan ekis, wato X, a baya, irin alamar da hukuma ke shafa wa duk abin da ta gaji da gani. Kafin in buɗe baki layi ya ɗauka. Wani ya ce in matsa gaba kada katafila ta haɗa da shi. Wani ya ce a bar ni in sha mai kafin kowa, tunda kwanana ya ƙare. Ba a bar ni ba. Na yi awa uku, saura mutum biyu a gabana aka ce mai ya ƙare, na turo babur gida.

To, tunda ni ban samu mai ba, ku bari ku samu labarin rigar.

A bakin layinmu akwai wani gawo. Na san cikin masu karanta ni akwai 'yan gatan da aka raina a kan siminti, don haka zan yi bayani a hankali. Gawo itace ne mai taurin kai. Da damina, lokacin da kowane itace ke cin ado, shi sai ya tuɓe, ya zubar da ganyensa tas, ya tsaya fari fat kamar wanda aka tare a hanya. Ruwa na ɗaukewa, sauran itatuwa na fara kakkaɓewa, shi kuma sai ya fara toho. In zafi ya kai zafi, shi ne mai inuwa. Ni dai na fahimce shi, domin haka na yi nawa karatun: lokacin da sa'o'ina ke shiga aji, ni fita nake yi. Kuma wurin gawon nan nake zuwa. Ranar da ƙayarsa ta soke ni na koma gida ina ɗingishi, innata ba ta tambaye ni inda na wuni ba. Ƙayar ta duba, ta ɗauko tsintsiya.

A gindin gawon Kawu mai faci yake sana'arsa, shekara talatin da 'yan kai. Ba ƙanin uwata ba ne, abokin babana ne, amma duk layin Kawu muke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Kayansa ba su da yawa: injin iska mai tari kafin ya tashi, wani tsohon baho mai baƙin ruwa da yake nutsa tayar da ta huje, guduma, wuƙar yankan roba, da tarin tsofaffin tayoyi da suka zama kujerun baƙi. Da damina yakan ɗaura tamfol a rassan gawon, da rani ya naɗe shi ya ajiye. Kawu kiwon awaki ya yi yana yaro. Ya sha ba mu labarin shekarar da ciyawa ta ƙare ƙaf, awakin ubansa suka koma ƙashi da fata, da yadda yake hawa gawo da doguwar sanda yana kakkaɓo musu ganye da 'ya'ya har ruwa ya sauka. Ya ce da damina gawo yana zubar da ganye ne don ya bar wa shukar da ke ƙarƙashinsa rana. In Kawu na maganar itacen nan, sai ka ɗauka wani yayansa yake yabo.

Ana tsakiyar damina, wata safiya, sai ga wani matashin ma'aikaci da takalmi mai ƙyalli, laima a hannu ɗaya, bokitin fenti a ɗaya, fom a hammata. Aikinsa shi ne ya zaga gari ya rubuta matattun itatuwa don a sare su kafin su faɗo wa mutane. Aiki mai kyau, ban ce komai ba. Ya dubi hagu, kore. Ya dubi dama, kore. Ya ɗaga kai ya ga namu tsirara. Sai ya tambayi Kawu sunan itacen, domin akwai gurbin suna a fom ɗin. Kawu kuwa yana tsakiyar aiki, ya danne wata 'yar ƙusa da haƙora, ya amsa ta gefen baki.

"Gawo ne."

Ma'aikacin bai taɓa jin kalmar ba a rayuwarsa. Ya ji wadda ya sani, ya rubuta: gawa. Ya yi wa Kawu godiya bisa haɗin kai, ya ce da kowa na faɗin gaskiya haka da aiki ya yi sauƙi. Ya tsoma buroshi ya zabga wa itacen jan ekis, ya wuce. Kawu ya zaci ƙidaya ake yi. Ni kuma na iso bayan minti goma da rigata ta zuwa neman aiki, na jingina da gawon ina ba da labarin ƙwallo.

Kwana uku bayan haka aka manna takarda a jikin itacen: ranar Alhamis ta sama za a zo da zarto.

A nan na gane cewa mutum ba itacen da ke gabansa yake gani ba, wanda ya baro a yarinta yake gani. Ku ɗauki Gwaggo ta gidan da ke kallon namu. Ita tana yarinya aikinta yo itacen girki ne daga nesa, ta ɗoro dami a ka, har yau wuyanta bai daina ciwo ba. Da ta ji labarin takardar sai ta fito da mayafi a kafaɗa, ta zaga gawon sau biyu tana auna shi da ido, ta sanar da jama'a cewa babban reshen nan na gabas nata ne, kada wani ya zo daga baya ya ce bai ji ba. Kawu na ganin gawo, hukuma na ganin gawa, Gwaggo na ganin gawayi. Ban ga laifinta ba. Wanda ya yi shekara goma yana bin itace da ƙafa, in itace ya biyo shi har ƙofar gida ai ba zai yi kuka ba.

Washegari muka shirya ni da Kawu muka tafi ofishin. Dogon baranda ne mai benci ɗaya, da ƙofofi biyu suna kallon juna. A ɗaya an rubuta Sashen Kawar da Matattun Itatuwa, a ɗaya Sashen Kula da Rayayyun Itatuwa. Muna zaune masinja ya ba mu labari kyauta, cewa shugabannin sassan biyu ba sa ga maciji tun ranar da aka kawo fanka guda ɗaya aka ce su raba. Ko gaisawa ba sa yi. Ya ƙara da cewa mutanen sashen rayayyu sun yi shekara biyu ba su samu ƙara ko ɗaya ba, sai karanta jarida. Na ajiye wannan a raina, ban san zai yi amfani ba.

Bayan azahar aka shigar da mu wurin Mai Girma Babban Mai Lura da Ganye, shugaban sashen matattu, Allah ya ƙara masa sanyin ofis. Mutum ne mai fara'a, ba zan ci amanarsa ba. A kusurwar ɗakinsa akwai wata bishiyar roba a tukunya, kore shar, masinja na goge ta da tsumma kowace safiya. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi murmushi, ya ce mun zo wurin da ya dace, domin shi da itatuwa tun yarinta. Ya ce a gidan da ya tashi mahaifinsa ya sa an sare komai an malale tsakar gida da siminti saboda macizai da sharar ganye, kuma ba a barinsu fita waje, amma a makaranta shi ke zuwa na ɗaya a zanen bishiya. Don kada mu yi musu, ya jawo takarda ya zana mana: sanda a tsaye, da'ira a kanta. Ya nemi koren biro ya cike da'irar. Ya juyo da zanen wajenmu.

"Baba, naka yana kama da wannan?"

Kawu ya ce a yanzu dai a'a, amma in aka ba shi wata uku zai fi wannan kyau. Ya yi bayanin damina da rani, ya kawo labarin awaki. Mai Girma ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, idonsa ya yi laushi. Sai ya miƙo hannu ya dafa na Kawu.

"Na san zafin rashi, Baba. Kowa haka yake ji da farko. Allah ya ba ku haƙuri."

Jama'a, ta'aziyya aka yi mana. Sannan ya buɗe fom ya nuna mana inda aka rubuta cewa mai zama a gindin itacen da bakinsa ya tabbatar gawa ne. Na ce ranka ya daɗe, wasali ɗaya ne ya kauce. Ya ce wasalin da hatimi ya hau kansa ba ya kaucewa. Amma saboda shi mai tausayi ne, akwai hanya: mu kawo ɗanyen ganye daga jikin itacen, a cikin ambulan, kafin ranar Alhamis, sai a ba shi takardar shaidar rai.

Muna fitowa na nuna wa Kawu wata bishiya a bakin ƙofar ofishin, ganye har ƙasa. Na ce mu tsinki guda mu zagaya mu dawo, wallahi mutumin nan ko ganyen tabarma aka kai masa zai buga hatimi. Kawu ya tsaya ya dube ni irin kallon da yake yi wa tayar da aka yi wa faci sau bakwai. Ya ce shekara talatin itacen nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, ba zai je ya yi ƙarya da sunansa ba. Muka tako gida a ƙasa, ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyar kaina.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga mai fenti da takalminsa, tare da mai zarto, wani ƙaƙƙarfan mutum da injin a kafaɗa. Gwaggo ta riga ta fito da igiya. Mai zarto ya ajiye injin, ya ɗaga kai, ya dafa itacen da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Ya dubi Kawu, Kawu ya dube shi. Daga baya na ji ashe shi ma ɗan kiwo ne. Ya ce wa mai fenti wannan itacen barci yake yi. Mai fenti ya ce shi ba a aiko shi ya tashi kowa daga barci ba, ga takarda. Mai zarto ya ce to, ya durƙusa ya ja igiyar injin. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce babu mai, sai an je layi. Ni da ke kusa na ji man yana motsi a ciki, amma ban taɓa jin ƙaryar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

A lokacin ne Kawu ya ɗauko wuƙarsa ta yankan roba. Ya tsaya a gaban gawon ya ɗan jima, sannan ya ɓare ɓawon kamar faɗin yatsa biyu. Ciki ɗanye sharaf, da danshi. Ya kira mai fenti ya zo ya taɓa. Mai fenti ya ce a fom ɗinsa babu gurbin danshi.

Ni kuwa sai maganar masinja ta faɗo mini. Na ari babur, na fizge shi sai ofis, na wuce ƙofar matattu na banka ta rayayyu. Na tarar da mutum uku da jarida ɗaya. Na ce musu ga wani tsoho can a layinmu ya sa wa rayayyen itace wuƙa, kuma mutanen ƙofar can suna tsaye suna kallo. Ƙarar Kawuna na kai, da bakina. Tun da nake ban taɓa ganin ma'aikacin hukuma yana gudu ba sai ranar. Shugabansu da kansa ya hau bayana, yana ce mini in ƙara wuta.

Muna isa ya duba yankan, ya shafa danshin, ya sansana, fuskarsa ta cika da murna. Nan take ya rubuta wa Kawu sammaci bisa laifin raunata rayayyen itace, ya manna kwafin a jikin gawon, daidai ƙarƙashin takardar da ta ce ya mutu. Mai fenti ya ce ba a raunata gawa. Na rayayyu ya ce gawa ba ta danshi. Aka kira Mai Girma a waya, murya ta hau murya, maganar fanka ta taso. Layinmu duka ya fito kallo. Kawu ya bari sai da suka gaji, sannan ya goge wuƙarsa a gwiwa ya yi magana a hankali.

"Ranku ya daɗe, ni ban yi boko ba, ku taimake ni. In ya mutu, laifin me na yi? In yana da rai, me zarto ya zo yi?"

Mai zarto ya saɓa injinsa, ya ce in sun gama shawara sun san gidansa. Da zai wuce ya ɗaga wa Kawu hannu, ko in ce ya ɗaga wa itacen, ban tantance ba. Gwaggo ta naɗe igiyarta tana kallona, kallon da har yau ban gama biya ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ko ban faɗa ba. An kafa kwamiti don ya gano ko itacen na da rai. Kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin ya tafi wani otal ya yi kwana biyar yana nazari, babban kuma ya hau jirgi ya je ganin yadda itatuwan wasu ƙasashe ke mutuwa. Ko mutum ɗaya a cikinsu bai zo layinmu ba. Sau uku ana kiran Kawu ya rufe sana'a ya je ya zauna a benci, sau uku ana ce masa a dawo. Ni da na saba zagin jan ƙafar hukuma a wannan shafi, sai ga ni ina roƙon Allah ya ƙara mata nauyin ƙafa. Kuma aka amsa. Ina miƙa godiya ta musamman ga kwamitin nan, domin a tarihin garinmu babu wanda ya taɓa ceton rai ta hanyar rashin yin komai kamarsu.

Ruwa ya ɗauke. Wata safiya Kawu ya kira ni ya nuna mini reshen gabas, reshen Gwaggo, ga ɗan toho kamar kunnen ɓera. Kafin wata guda gawo ya rufe ruf. Kawu ya kwance tamfol ya naɗe. Na ce shi ke nan, mun yi nasara.

Ban san Mai Girma zai bi ta layinmu ba. Motarsa ta tsaya, gilashi ya sauka, ya ga itace kore shar da jan ekis a ƙirji, ya yi daidai da zanensa na makaranta. Bayan mako biyu aka zo aka kafa rumfa a ƙarƙashin inuwar, don kada inuwa ta dami manyan baƙi. Aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika. Mai Girma ya yi jawabi cewa wata biyar da suka wuce wannan itace gawa ne, da shaidar takarda, amma sashensa bai yi gaggawar sarewa ba, ya shafa masa jan fenti na musamman ya sa masa ido, ga shi yau ya farfaɗo. Aka yi tafi. Mai fenti ya samu ƙarin girma. Aka ƙaddamar da Shirin Farfaɗo da Matattun Itatuwa, kuma a yanzu haka duk wani kututture da ke garin nan an shafa masa ja ana jira. Na ga har da turken wutar lantarki guda biyu.

Da taro ya watse aka kewaye gawon da shingen waya, aka kafa allo mai ɗauke da hoton Mai Girma, aka ajiye maigadi da kujera. Aka ce wa Kawu ya kwashe tayoyinsa, suna ɓata wa baƙi hoto. Da ya ce shekararsa talatin a nan, sai aka tuna masa cewa shi ne mutumin da ya taɓa kai wa itacen hari da wuƙa, kuma fayil ɗinsa na nan a buɗe.

Yanzu Kawu yana tsallaken titi, jikin wata katanga. Tamfol ɗin da yake naɗewa da rani, bana sai da ya sake warware shi. Da tsakar rana ruwan bahonsa har zafi yake yi. Na je na zauna a kan taya na ba shi haƙuri, na ce dabarata ce ta jawo masa, da ya bari mun tsinki ganyen nan da yanzu yana wurinsa. Ya ci gaba da goga roba, ya ce in jira la'asar. Na jira. Rana na karkata sai ga inuwar gawon ta fito ta ƙarƙashin waya, ta wuce allon, ta taka titi a hankali ba ta ko duba mota, ta zo ta kwanta a kan bahon Kawu da ƙafafunsa. Maigadi ma ya jawo kujerarsa ya biyo ta, ya zauna tare da mu.

"Ka gani," in ji Kawu. "Shi ba a gaya masa an ƙwace shi ba."

Gwaggo dai har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ta ce ba komai, damina na tafe, igiyarta na nan a rataye. Kuma tana da gaskiya. Nan da 'yan watanni gawo zai sake tuɓewa a gaban allon Mai Girma, za a nemi wanda ya kashe itacen da hukuma ta raya, kuma mutum ɗaya ne a layinmu yake da fayil. Na ce wa Kawu mu fara neman ambulan tun yanzu, mu ajiye ganye. Ya ce wannan ba ƙarya ba ce, ganyensa ne, ya yarda.

Ita kuwa rigar, mai wanki ya yi iya yinsa fentin ya ƙi fita, kuma na daina neman ya fita. Tunda binciken hukuma ya tabbatar da cewa duk abin da aka shafa wa ja yana farfaɗowa, ni ma wata takwas ke nan ina ɗauke da nawa, aikin dai bai samu ba tukuna. In kun gan ni a layin mai gobe, don Allah kada ku kira katafila. Toho nake jira.